Daga Ayana Zuwa Magajiya: Asalin Yankewar Haila da Matsayin Kaka a Tarihin Daura

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin Bayajidda, baƙon da ya iso Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama. Masu ba da labarin sukan daɗe a kan takobi da doki da kan maciji, sa'an nan su wuce da sauri ta kan wata mata wadda ba don ita ba da labarin bai ƙullu ba. Ita ce tsohuwar nan Ayana, wadda baƙon ya sauka a gidanta. Ita ta gaya masa halin rijiyar da ranar da ake samun ɗiban ruwa, watau Juma'a. Da gari ya waye, fadawa suna ta da'awar ƙarya a gaban sarauniya, ita ce kuma ta kai labarin baƙonta, gaskiya ta fito.

Da Ayana aka buɗe wannan lacca domin irinta abin mamaki ne a cikin halittu, ko da yake sabo ya sa ba a ganin mamakin. Akuya da saniya da goɗiya suna haihuwa har kusan ƙarshen ransu. 'Yar Adam kuwa haila takan yanke mata tana wajen shekara 50, ta ƙara shekara 20 ko 30 da ƙarfinta da hankalinta. Me ya kawo haka? Za a duba amsoshin da masana ilimin halittu suka bayar tun daga 1957, a auna su da abin da aka sani na gidan Bahaushe da fadar Daura, inda aka daɗe da ba waɗannan shekaru na mace aiki, har ma da sarauta.

2.0 Abin da ke Faruwa a Jiki

Ana haihuwar 'ya mace da dukan ƙwayayen haihuwar da za ta mallaka, ba ta ƙara wasu. Lokacin da take cikin uwarta da wata 5, yawansu yakan kai miliyan 6 zuwa 7. Ran da aka haife ta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, kafin ta balaga kuma saura kamar dubu 300 zuwa 400. Waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba, sauran kuwa lalacewa suke yi da kansu. Idan abin da ya rage ya kai kamar 1,000, sai haila ta yanke. Ga yawancin matan duniya wannan yana faruwa tsakanin shekara 45 da 55.

Akwai masu cewa ai mutanen da ba sa kai wannan shekaru, asibiti ne ya tsawaita rai. Wannan magana ba ta da tushe. Mutuwar jarirai ce ke jawo lissafin tsawon ran mutanen da ya yi ƙasa, amma wadda ta tsallake yarinta da haihuwa takan tsufa. A cikin mafarautan Hadza na Tanzaniya, waɗanda ba su dogara da asibiti ba, macen da ta kai 45 takan ƙara kamar shekara 20. Shari'ar Musulunci ma ta san wannan zango tun ƙarni 14 da suka wuce: aya ta 4 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta sanya wata 3 ya zama iddar wadda ta yanke ƙauna daga haila, aya ta 60 ta Suratun Nur kuma ta sassauta wa tsofaffin mata wajen lulluɓi.

3.0 Sauran Halittu

A dawa, dabbobin da aka tabbatar suna da wannan hali kaɗan ne ƙwarai. Giwa tana kai shekara 60 da ɗoriya, amma ana ganin ta da ɗa har a waɗannan shekaru. Waɗanda suka yi tarayya da ɗan Adam su ne wasu manyan dabbobin teku masu haƙora guda 5. Siffarsu ta kifi ce, amma haihuwa suke yi su shayar, kamar ayu na kogin Kwara. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne orka. A gaɓar tekun Fasifik, tsakanin Kanada da Amurka, masana sun bi garken orka ɗaya bayan ɗaya tun daga shekarun 1970. Sun ga macen takan daina haihuwa tana wajen shekara 40, alhali wasu suna kai 80.

Abin da tsohuwar orka ke yi da ragowar shekarunta shi ne ya fi jan hankali. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna ita ke shiga gaban garke wajen neman abinci, musamman a shekarun da kifin samon ya yi ƙaranci. Wani na 2012 ya nuna idan ta mutu, haɗarin mutuwar ɗanta namiji, ko da ya haura shekara 30, yakan ninka sau da yawa a shekarar da ta biyo. A 2024 Samuel Ellis da abokan aikinsa suka kwatanta waɗannan jinsuna 5 da danginsu masu girman jiki ɗaya, suka sami matan su sun fi tsawon rai da kamar shekara 40, amma tsawon shekarun haihuwarsu ɗaya ne da na dangin. Watau ƙarshen rai ne aka ja gaba, ƙarshen haihuwa yana nan inda yake.

A 2023 an sami wani labarin daga dajin Kibale na Yuganda. Brian Wood da abokansa sun bi matan birin cimfanzi 185 a Ngogo, ba su ga wadda ta haihu bayan shekara 50 ba, ga shi kuwa da dama sun rayu bayan haka. Sai dai tsohuwar cimfanzi ba ta renon jika, domin 'ya'yanta mata ƙaura suke yi zuwa wani garke. Wannan ya isa gargaɗi cewa bayani ɗaya ba zai wadatar ba.

4.0 Bayanan Masana

Manomi yakan ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye iri, shekara da shekaru har halin geron ya sauya. Masana halittu suna cewa haka yanayi ke yi wa dabbobi ba tare da hannun manomi ba: halin da ya sa mai shi ya bar zuriya mai yawa shi ke yaɗuwa. To, ta wace hanya daina haihuwa zai ƙara zuriya? Mai imani zai kira wannan tambaya neman hikimar Mahalicci, kuma hujjojin da aka tara suna da amfani gare shi kamar yadda suke da shi ga kowa.

George Williams, Ba'amurke, shi ya fara amsawa a 1957. Ya ce ɗan mutum yana daɗewa kafin ya iya ci da kansa, haihuwa kuma tana ƙara haɗari da shekaru, saboda haka ya fi wa uwa riba ta tsaya ta raini waɗanda ke hannu. A shekarun 1990 Kristen Hawkes da abokan aikinta suka ƙara gaba da abin da suka gani wurin Hadza. Tsofaffin mata su ne suka fi kowa daɗewa a daji wajen haƙar saiwoyi masu wuyar tono, kuma idan uwa ta yi sabon goyo, girman yaron da aka yaye yana bin ƙoƙarin kakarsa. Ɗa yana ɗauke da rabin gadon jikin uwarsa, jika yana ɗauke da rubu'i. Kakar da ta rayar da jikoki, ta kuma ba 'yarta damar sake haihuwa da wuri, ta ƙara zuriyarta ba tare da ta yi naƙuda ba. Wannan shi ake kira ra'ayin kaka.

Shaida mafi kusa da ƙasar Hausa ta fito daga Gambiya. Likitoci sun rubuta haihuwa da mutuwa da nauyin yara a Keneba da ƙauyukan kusa tun daga 1950. Mutanen Musulmi ne, manoma, masu mata fiye da ɗaya, amarya kuma gidan miji take tarewa. Da Rebecca Sear da Ruth Mace da Ian McGregor suka duba littattafan a 2000, suka sami yaron da kakarsa ta wajen uwa ke raye ya fi ƙiba, ya kuma fi tsallake shekarun yaye. Kaka ta wajen uba ba ta nuna irin wannan tasiri ba. A 2004 Mirkka Lahdenperä da abokanta suka duba littattafan coci na Finlan da Kanada na ƙarni na 18 da na 19, suka ga duk shekara 10 da mace ta ƙara bayan ta kai 50, tana samun ƙarin jika kamar 2.

Saura tambaya ɗaya: me zai hana kaka ta taimaka kuma ta ci gaba da haihuwa, kamar giwa? Michael Cant da Rufus Johnstone sun amsa a 2008 da lissafin da Bahaushe zai gane nan take. Amarya takan zo gidan miji baƙuwa, ba ta haɗa jini da kowa ba. Idan ita da uwar mijinta suka yi goyo lokaci ɗaya, rumbu ɗaya za su ci. Ɗan amarya jikan uwar miji ne, jininta ne. Ɗan uwar miji kuwa ba ya haɗa jini da amarya. Wadda ke da riba in ta janye ita ce babbar, kuma bisa ga wannan ra'ayi, dubban zuriya na irin wannan zama su ne suka tsayar da haihuwa inda ta tsaya. Littattafan Finlan sun nuna yaran da aka haifa a irin wannan karo na suruka da suruka sun fi mutuwa, haka nan a garken orka an ga ɗan tsohuwa ne ke cutuwa idan ta haihu tare da 'yarta.

5.0 Kaka a Gidan Bahaushe

Wanda ya san zaman gandu a ƙauyukan Daura, daga Mai'aduwa zuwa Sandamu, daga Zango zuwa Ɓaure, zai ga al'ada ta riga ta raba aikin nan. Mace mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu a hannun uwarta, ta yi wankan jego na kwana 40 ko fiye. Wannan ita ce kakar da littattafan Gambiya suka nuna muhimmancinta. Ungozoma mai yanke cibi galibi tsohuwa ce da ta gama tata haihuwar. Kunyar ɗan fari tana hana uwa kiran sunansa ko nuna masa so a fili, sai kaka ta cike gurbin. Ran yaye kuma wurin kaka ake kai yaro ya manta nono, sau da yawa ma ya zauna ke nan.

Harshe ya adana wannan kusanci. Kaka tana kiran jikanta namiji mijinta, ta kira macen kishiyarta, ana wasa da ba'a irin wadda ɗa ba zai yi da uwarsa ba. Tatsuniya da kacici-kacici daga bakinta yaro ke fara jin su. Kulle ma ba ya hawa kanta: ita ke zuwa kasuwa, ita ke kai saƙon aure da na rasuwa, ita ke shiga tsakanin ma'aurata. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna wani abu kuma. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Al'ada ta faɗaɗa aikin kaka ya wuce iyakar jini.

Ƙasar Daura tana bakin iyakar Nijar, inda damina ke yin gardama. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da farin 1973, kowace ta zo bayan an yi shekaru an manta da ta baya. A irin wannan lokaci ake komawa ga wadda ta ga ta farko, ta san yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, da yadda ake sussukar ƙarangiya a sami tsaba, da inda yaɗiya da tafasa ke fitowa. Aikin da tsohuwar orka ke yi a shekarar da kifi ya ɓace ke nan. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa ba duk abin da kaka ta gada ne alheri ba. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ikon kaka a ɗakin mai jego gaskiya ne, shi ya sa kuskurenta ma yake da nauyi. Tatsuniyoyi kuwa sun cika da tsohuwa mai makirci, har akwai wadda aka ce Iblis ya sara mata, kuma zargin maita ya fi faɗawa kan tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Al'ummar da ta dogara da ita tana kuma jin tsoronta.

6.0 Daga Ɗaki Zuwa Fada

Girgam na Daura, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1928, ya fara da jerin mata masu mulki kafin sarakuna maza. An fi ƙirga su 17, daga Kufuru zuwa Shawata, ana kiran kowace Magajiya, kuma Daurama ce aka ce ta taso da gari daga Tsohon Birni zuwa inda yake yanzu. Wajibi ne a yi hattara a nan. Jerin sunaye ne, ba ya faɗin shekarun kowa, kuma labarin kansa ya ce Daurama ta haifi Bawo, uban sarakunan Hausa. Saboda haka ba za a kafa hujja da sarauniyoyin Daura a ce mulkin tsofaffi ne ba. Abin lura shi ne abin da ya rage a hannun mata bayan mulki ya koma ga maza.

M. G. Smith, a littafinsa kan al'amuran Daura na 1978, ya bayyana cewa sarautar Magajiya ta ci gaba a ƙarƙashin sarakunan Haɓe. Babbar mace ce daga gidan sarauta, ana ɗaukar ta uwar sarki a hukumance ko da ba ita ta haife shi ba. Tana da gidanta da barorinta, tana iya ceton wanda sarki ya hukunta, kuma maganarta tana da nauyi idan manyan fada suka ga sarki ya kauce hanya. Ban da ita akwai Iya. Wannan tsari ya game yankin: Inna a Gobir, Iya a Maraɗi, Mai Babban Ɗaki a Kano, Magira a Barno. Sunayen da kansu suna faɗin abin da ake nufi, domin kusan dukansu sunayen uwa ne. Fada ta ɗauki ikon da babbar mace ke da shi a tsakar gida, na tsawatarwa da ceto da tuna abin da aka yi a da, ta yi masa sarauta.

A 1805 jihadi ya iso Daura. Malam Isiyaku ya karɓi gari, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka kafu a Zango da Ɓaure. A yawancin masarautun da suka karɓi tuta, sarautun mata na gidajen Haɓe sun rasa ikonsu na siyasa. A Daura gidan Haɓe ya dawo a 1906, lokacin da Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi, sarautar Magajiya kuma tana nan. Sai dai tsarin En'e da Turawa suka shimfiɗa na hakimai da alƙalai da ma'aji maza ne zalla, bai bar wa uwar sarki kujera a wurin yanke shawara ba.

Masu jihadi ma ba su iya yin aiki ba tare da tsofaffin mata ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan ƙauye, jajis ɗinta manyan mata ne, ta ɗora musu malfa alamar izini. Masu tafiya tare da su kuwa 'yan mata ne da ba su yi aure ba da matan da suka gama haihuwa, domin su ne goyo da kulle ba su ɗaure ba. An tuɓe Inna, an naɗa jaji, amma shekarun mace da aka dogara da su ba su sauya ba.

7.0 Kammalawa

Tarihin Daura na 'yan ƙarnuka ne, asalin yankewar haila kuwa ya faru tun dubban ɗaruruwan shekaru kafin a haƙa Kusugu, don haka ɗaya ba zai zama dalilin ɗaya ba. Masana ma har yanzu suna jayayya kan wane bayani ya fi ƙarfi, birin Ngogo kuma ya ƙara musu aiki. Abin da ya tabbata shi ne, a duk inda aka ƙirga da kyau, a Keneba ko a Finlan ko a tekun Fasifik, shekarun da mace ke yi bayan haihuwa shekarun aiki ne da rayuwar ƙanana ta rataya a kansu, kuma Hausawa sun gane haka tun da daɗewa, suka tsara goyon ciki da yaye da sarauta bisa gare shi.

Yau gandu yana watsewa. Saurayi ya yi aure ya kama haya a Katsina ko Kano ko Abuja, matarsa ta haihu nesa da uwarta. Shirye-shiryen lafiya da yawa suna kiran uwa ita kaɗai su yi mata bayanin shayarwa da rigakafi, ta koma gida ta tarar da wadda ke da ikon cewa a yi ko a bari ba a gaya mata komai ba. Ma'aikacin lafiya da ya jawo kaka cikin shawara ya sami mai tsaya masa a ɗakin da shi ba zai shiga ba. Ɗaliban tarihi da na harshe kuma suna da bashi a kansu. Matan da suka ga farin 1973 da goyo a bayansu yanzu sun haura 70. Abin da suka sani na abincin yunwa, da waƙoƙin niƙa da na raino, da labarin Magajiyoyin da suka gabata, yawancinsa ba ya cikin Girgam, ba ya kuma cikin littafin Smith. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma ya kamata a je a tambaye su tun suna da ƙarfin amsawa.